Daminar da Inna Ta Tsallaka Iyaka

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma ni kaɗai ce a cikin matan gidanmu na kai ƙarshen sakandare. A Kazaure na yi, makarantar kwana. Da na gama aka ɗaura mini aure a ƙauyenmu, arewa da Babura, inda manomi zai yi noma da safe a Najeriya, da rana ya je ya sha fura a Nijar. Tsakanin gidan mijina da na iyayena rijiya ce da masallaci kawai. Sana'ata ɗinki, da keken ƙafa da mahaifina, Baffa, ya haɗa mini a kayan ɗaki.

Maigidana ne ya sayo mini waya, ta hannu, a wata tafiya da ya yi Kazaure. Gilashinta da tsaga a gefe ɗaya. Don in riƙa ganin sababbin ɗinkuna na roƙe shi, amma ban daɗe da ita ba na gano akwai jaridu a ciki, da Hausa, masu sabunta labari safe da yamma. Tun ina makaranta nake son karatu, kuma tun da na dawo ƙauye ban ƙara riƙe jarida ba sai wadda aka naɗo tsire a cikinta. Sai ga su birjik a tafin hannuna.

Sabis a ƙauyenmu yana da taurin kai. Ba ya kamawa a ɗaki, ba ya kamawa a madafa, sai a gindin katangar gabas, kusa da rumbu. Nan na mayar da keken ɗinkina. Wani lokaci ma wayar takan kamo layin Nijar, ta aiko mini da gaisuwar maraba da Faransanci alhali ina zaune a tsakar gidana.

Matan da ke kawo ɗinki su suka fara tambayata abin da nake kallo. Na karanta musu sau ɗaya, sau biyu, shi ke nan ya zama al'ada. Bayan an gama aikin safe sai su taru, wata da goyo, wata da ɓarar gyaɗa a faranti, in karanta musu farashin taki, da labarin maniyyata, da na matar da ta haifi 'yan huɗu a wani gari. A cikinsu akwai gwaggon maigidana, tsohuwa ce mai baki, wadda ba ta yarda da komai ba amma ba ta fashin zuwa. Da ta ajiye sandarta takan ce, "To malama, wace ƙarya suka yi mana yau?" In na gama ta ce a maimaita mata.

Lokacin duk abin nishaɗi ne. Labaran na can nesa, na mutanen da ba mu sani ba.

Autarmu tana aure a tsallaken iyaka, cikin Nijar, a wani ƙauye ta wajen Magarya. Ɗan 'yar uwar Baffa take aure, don haka a wurinmu ba wata ƙasa ta tafi ba, gidan dangi ta koma. A shekarar da nake ba da labari tana ɗauke da cikin fari, kuma an riga an shirya cewa in ya tsufa za a kawo ta gida ta haihu a gaban mahaifiyarmu, Inna, ta yi wankan jego. Inna ta tara itace a bayan ɗaki tun kafin ruwa ya sauka, ta sayi sabuwar tukunyar dafa ruwa. Ni kuma na ɗinka 'yan riguna da ragowar atamfofin mutane.

Gero ya kai tsayin mutum sa'ad da na buɗe waya wata safiya na ga sojoji sun karɓi mulki a Nijar. Na karanta wa mata. Gwaggo ta ce ai wannan ba sabon abu ba ne, ta ga irinsa ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa hana kowa cin kasuwa ba. Amma kwanakin da suka biyo baya labarin ya canza kama. Aka ce an rufe iyaka. Aka ce an yanke musu wutar lantarki. Sannan aka ce shugabannin ƙasashen yankin sun ba sojojin wa'adi, in ba su sauka ba za a yi amfani da ƙarfi. Kalmar yaƙi ta fara fitowa a kanun labarai, da manyan baƙaƙe.

Daga ranar tsakar gidana ta daina ɗaukar mutane. Matan da ban taɓa yi wa ɗinki ba suka riƙa zuwa. Babu gidan da ba shi da wani a tsallake, 'ya ko uwa ko gona. Rediyon maza yana faɗin labarin, amma sau biyu ko uku a rana, kuma a dunƙule. Waya kuwa kowane lokaci da sabon abu. Wannan jarida ta ce an fara tara sojoji. Waccan ta ce malamai sun tafi sasanci. Wata ta sa hoton jerin motocin yaƙi ba ta faɗi inda aka ɗauka ba. Ina karantawa ina ganin fuskokin mata suna sauyawa, kuma ni ce bakin da abin ke fitowa.

"Ta ina za su bi?" wata ta tambaye ni.

Na ce ba a faɗa ba.

"To in ba ta nan ba ta ina? Ai mu ne a bakin hanya."

Sun ɗauka tun da ni ke riƙe da wayar, na san fiye da abin da ke rubuce. Ban sani ba. Har na kai in na ji takun mutane a zaure sai in ji kamar in ɓoye wayar.

Inna ba ta zuwa gidana. Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta faɗa, kuma tun da aka kawo ni ba ta taka tsakar gidan nan ba sai ranar sunan ɗana na fari, shi ma a bakin ƙofa ta tsaya. Saboda haka da na ɗaga kai wata hantsi na gan ta ta shigo da zane a naɗe a hammata, sai da ƙafata ta tsaya a kan keke. Ta gaisa da gwaggo, ta zauna can gefe a kan turmi, ta miƙo mini zanen ta hannun wata. Ta ce a kama mata bakinsa. Na warware shi. Babu abin da ya same shi.

Ta zauna har na gama karatun ranar, idonta a kan kajin da ke tono a gindin rumbu. Da mata suka fara watsewa ta miƙe, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ba su ce komai a kan asibitocin can ba?"

Na ce, "Sun ce babu wuta, Inna. Wai magani ma ya fara wuya a wasu wurare."

Ta ce, "To." Ta tafi ta bar zanen.

Washegari ta dawo karɓarsa. Wanshekare ta kawo wani.

Mun yi ta neman mijin auta a waya. Lambarsa ta can ce, wani lokaci ta yi ƙara sau ɗaya ta yanke, wani lokaci wata mata ta yi magana da Faransanci. Mun aika saƙon baki ta hannun masu zuwa kasuwa, amma masu zuwan sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma ta hanyoyin gona suke bi, ba su bi ta ƙauyen su auta. Amsar da ta dawo ɗaya ce, ita ma ta bakin mutum uku ta biyo: wai lafiya lau, amma ƙafafunta sun kumbura, kuma mijin ya ce ba zai ɗora ta a babur a wannan hali ba, hanyar mota kuma a rufe take.

Maigidana yana saye da sayar da hatsi a Babura. Kullum ya dawo nakan tare shi tun bai ajiye babur ba. Yakan ce bai ga komai ba sai manyan motocin kaya da suka yi layi a bakin titi, direbobi suna kwana a ƙarƙashinsu, albasa tana ruɓewa. Ya ce, "Ke kina ganin yaƙi a cikin waya, ni ina ganin mutane suna cinikin awaki. Ki rage kallon abin nan." Na ce to. Amma ko ina tuƙa tuwo hankalina yana gindin katanga.

Ana saura kaɗan wa'adin ya cika, Inna ta ce za ta tafi. Ban ji da kunnena ba, matar yayan Baffa ce ta faɗa mini yadda aka yi. Wai bayan sallar asuba Inna ta durƙusa a ƙofar ɗakin Baffa ta ce tana neman izini ta je ta ga yarinyar nan. Baffa ya ce ta bari a ga yadda wa'adin zai ƙare. Inna ta ce in ya ƙare da kyau, to babu abin da zai same ta a hanya, in kuma ya ƙare da muni, gara ya same ta a can. Sai Baffa ya ce a kira masa ɗan ƙaninta.

Ɗan kawuna magidanci ne, da mata da 'ya'ya uku. Acaba yake yi, kuma tun yana saurayi yake ɗaukar kaya ta hanyoyin gona zuwa tsallake, babu burtalin da bai sani ba. Ya ce zai kai ta, in sun fita da sassafe shi zai dawo kafin la'asar. Na je rakiya. Inna ta ɗaure ƙullin kanwa da yaji da 'yan rigunan da na ɗinka, an ɗaure sabuwar tukunyar a bayan babur. Na durƙusa na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ce amin tana gyara mayafi. Suka shiga tsakanin gero, kafin in miƙe tsaye sun ɓace, sai ƙarar injin.

Ranar ban yi ɗinki ba. Mata sun zo, na karanta musu abin da ke akwai, maganar wa'adi ce dai da ta sasanci. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas aka yi ruwa mai ƙarfi, sabis ya ɗauke. Da aka ɗauke ruwan na fito na tsaya a gindin katanga, ƙafafuna a cikin taɓo, ina ɗaga wayar sama. Ta kama. Labarin farko da ya buɗe gajere ne, bai fi a karanta shi a numfashi uku ba. Ya ce an buɗe wa wasu masu babura wuta da safiyar ranar a wata hanyar daji a kan iyakar Najeriya da Nijar, an rasa rayuka, har da mace. Bai faɗi gari ba, bai faɗi jiha ba, bai faɗi waɗanda suka yi harbin ba. A ƙarshe ya ce ƙarin bayani na tafe.

Na karanta shi har na haddace. Na fita na shiga wata jarida, babu. Na shiga ta uku, sun kwafo shi kalma da kalma. La'asar ta yi, ɗan kawu bai dawo ba. Na kira lambarsa, a kashe, amma na san da ma in ya tsallaka ba ta shiga.

Ina nan tsaye matarsa ta shigo da goyo a baya. Ba ta cikin masu zuwa jin labari, mace ce mai kunya. Ta gaishe ni, ta ce wai maƙwabcinsu ya gani a wayarsa an yi harbi, ko gaskiya ne. Na ce haka aka rubuta, amma ba a ce a nan ba ne, kuma iyakar nan tana da tsawo ƙwarai, ta faro tun daga yamma can har gabas. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Har da mace, ko?" Na ce haka suka ce. Ta zauna a bakin rijiya ta sauko da yaron tana ba shi nono, hawaye yana sauka a kansa.

Maigidana ya dawo ya same mu haka. Ya karɓi wayar ya karanta da kansa, a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya ce shi bai ji wannan a Babura ba, kuma da a kusa ne da kasuwa ta ɗauka. Sannan ya ce amma shi da wuri ya baro saboda hadari. Ya juya babur ya koma, takalminsa ma bai cire ba.

Aiko ya zo daga gida cewa Baffa yana kirana, in taho da wayar.

Na same shi a zaure a kan buzu, rediyonsa a gefe a kashe. Baffa mutum ne da ya yi kiwo rabin rayuwarsa kafin ya zauna ya kama noma, kuma bai taɓa nuna yana da wata bukata da wayata ba. In aka ce masa ga abin da aka gani a waya, yakan ce shi sai ya ji a rediyo. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

Ya ce, "An ce akwai wani labari."

Na ce, "Akwai, Baffa."

"Karanta."

A zaurenmu babu sabis, amma shafin yana nan a buɗe. Na karanta. Da na gama ya ce in sake. Na sake.

"Ba su faɗi wurin ba."

"Ba su faɗa ba."

"Wanda ya rubuta, yana wurin aka yi?"

"Ban sani ba, Baffa. Sun ce wai wani mazaunin yankin ne ya shaida musu."

"Wane yanki?"

Ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa yana kallo, shi da bai iya boko ba. Yatsansa ya taɓa gilashin, shafin ya gangara ƙasa inda masu karatu ke rubuta ra'ayinsu. Ya ce waɗannan ƙananan rubutun fa. Na ce maganganun mutane ne kawai, kowa yana faɗin abin da ya ga dama. Ya ce in karanta masa su ma.

Na so in ce ba su da amfani, amma ba a yi wa Baffa musu. Yawancinsu addu'a ce. Wani yana zagin gwamnati, wani yana zagin sojojin can. Wani ya ce a wajen Sakkwato ne, ƙaninsa ya faɗa masa. Wani ya ce ƙarya ne, a Katsina ne. Can ƙasa wani ya rubuta cewa ta wajen Babura ne, shi ɗan yankin ne. Na karanta shi kamar yadda na karanta sauran. Baffa ya ce, "Wane ne shi?" Na ce babu sunan kirki, hoton zaki ne kawai ya sa. Baffa ya miƙo mini wayar. Ya ɗauki carbinsa ya ce in je in duba yara, in an ƙara wani abu in zo in faɗa masa ko mene ne.

Maigidana ya dawo bayan magariba. Ya zaga tasha, ya tambayi 'yan acaba da masu shayi, ya leƙa asibiti. Babu wanda ya ga gawa ko mai rauni, amma kowa ya ji labarin, kuma da ya bi diddigi kowa a waya ya gani. Har an fara cewa wata tsohuwa ce daga ƙauyenmu. Ya ce da ya ji haka ya tambayi mai maganar inda ya samo, mutumin ya ce ai yanzu wani ya faɗa a nan, wai danginta ma suna ta cigiya. Maigidana ya gane cewa tambayar da shi kansa ya yi a tasha ce ta zagayo ta same shi.

Matar ɗan kawu a gidanmu ta kwana da 'ya'yanta. Da gari ya waye na riga kaji fita. Babu ƙarin bayani. Jaridun sun koma kan wa'adi, labarin masu babura ya gangara ƙasa kamar ba a yi ba. Mata suka taru kamar kullum, amma ba wadda ta ce in karanta. Gwaggo ta zo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba, ta karɓi ɓarar gyaɗar wata tana yi. Can ta ce, "Ki ci abinci. Kallon abin nan ba zai sa su rubuta ba." Na ce na ci. Ta ce ƙarya nake, ta aika aka kawo mini koko daga ɗakinta.

Wajen azahar ɗaya daga cikin jaridun ta sabunta labarin. Ta faɗi sunan ƙaramar hukumar. Can yamma ce, a wata jiha, tafiyar yini guda a mota daga wurinmu. Na karanta da ƙarfi tun ban gama fahimta ba. Mata suka yi ta hamdala, matar ɗan kawu ta rufe fuska da mayafi. Na ruga gida ko takalmi babu na faɗa wa Baffa. Ya ce alhamdu lillahi, Allah ya ji ƙan waɗanda abin ya rutsa da su. Sannan ya ce, "To shi yaron nan me ya riƙe shi?"

Wannan tambayar ce ta mayar da ni inda na fito. Mutumin da ya ce zai dawo kafin la'asar ya kwana, ga wata la'asar ta zo. In ba harbi ba ne, to wani abu ne, kuma wannan babu jaridar da za ta rubuta shi. Duk da haka na koma gindin katanga na ci gaba da buɗe shafuka, don ban san wani abin da zan yi da hannuna ba. Maigidana ya ce in gari ya waye bai dawo ba, shi da wani za su bi sawu.

Ba su kai ga tafiya ba. Washegari da hantsi, suna cikin shiri, muka ji ƙarar babur ta bayan gari. Ɗan kawu ne, taɓo har gwiwa, idanunsa sun yi ja. Bai tsaya gidansa ba, ya wuce zauren Baffa, mu kuma muka bi shi muka tsaya daga waje.

Ya ce sun isa lafiya tun kafin azahar. Sun tarar auta ta kwana tana naƙuda, ba a kai lokacin da aka lissafa ba, kuma abin ya ƙi gaba. Ungozomar garin ta ce ya fi ƙarfinta. Babu mota a garin, man fetur ma ya yi wuya. Inna ko ruwa ba ta sha ba ta ce a ɗauke ta. Aka shimfiɗa ta a amalanken shanu, Inna ta riƙe kanta, shi kuma ya yi gaba a babur ya nemo ma'aikaciyar asibitin garin da ke kusa don ta shirya. Ruwan nan da aka yi a hanya ya same su. A asibitin babu wuta, da fitilar hannu aka karɓi haihuwar. Mace aka samu, ƙarama amma da ranta. Auta ta zubar da jini da yawa, sai da aka nemi wanda zai ba ta, nasa ya dace, ya bayar. Shi ya sa bai iya hawa babur ba sai yau.

Baffa ya ce, "Ita yarinyar, ta farfaɗo?"

"Ta farfaɗo, Baffa. Jiya da yamma har ta sha kunu. Gwaggona kuma ta ce a faɗa maka ita ba za ta dawo ba sai an yi arba'in."

Baffa ya sa masa albarka, ya ce ya je gida matarsa ta gan shi. Ɗan kawu ya fito ya gan mu a tsaye, ya ce me ya faru kuka taru haka. Bai ji labarin harbin ba sam. Da aka faɗa masa ya ce shi abin da ya gani a hanya shi ne wasu mata suna cirar ciyawa, sai wani jami'i a gindin bishiya da ya ɗaga wa Inna hannu ya ce a sauka lafiya.

Ranar na kwanta da rana, abin da ban saba ba, ban farka ba sai da aka kira la'asar.

Wa'adin ya cika ya wuce. Jaridu suka ci gaba da maganar yaƙi na wani lokaci, yau a ce an sa rana, gobe a ce ana tattaunawa, kuma duk sa'ad da na gani sai in tuna yanzu mutum uku nake da su a can. Ba a yi yaƙin ba. Iyakar dai ta daɗe a rufe, kaya suka yi tsada a ɓangarorin biyu, masu sefa da masu naira kowa yana kuka. Mata suka ragu a tsakar gidana har suka koma na da. Na ci gaba da karanta musu, amma in labari bai faɗi gari ba nakan gaya musu tun farko cewa bai faɗa ba, kuma na daina karanta maganganun da ke ƙasa ko an roƙe ni. Waɗanda aka harba a can yamma ban taɓa ganin an rubuta sunayensu ba. Na nema na kwanaki, musamman matar.

Baffa ya aika da rago ranar suna, a ɗaure a bayan babur ɗin ɗan kawu. Inna ta yi arba'in ɗinta ta ƙara, sai da aka fara yankan gero ta dawo, ta rame amma tana ta ba da labarin yadda mutanen can suka riƙe ta. Auta kuwa sai bayan an gama kaka mijinta ya kawo ta ganin gida. Na je na same ta a ɗakin Inna tana zaune a bakin gado, ta yi fari, wuyanta ya zama siriri. Ta miƙo mini yarinyar. Na karɓe ta, ba ta da nauyi ko kaɗan, ta kama yatsana ta riƙe. Auta ta ce, "Yaya, an ce kin daina cin abinci saboda mu." Na ce wa ya faɗa mata. Ta ce kowa. Muka zauna muna hira har Inna ta leƙo ta ce a miƙo mata yarinyar, ruwan wankanta yana hucewa.